Gwaggon Amarya

Duk wanda ya zauna a gidajen ma'aikatan masaƙar auduga ta garinmu ya san Meng Shulan. Ko bai san sunanta ba ya san tafiyarta, sauri-sauri, kai a ƙasa, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Shekara talatin da ɗaya ta yi a gaban inji tana ƙulla zaren da ya tsinke, har kunnenta na hagu ya daina aiki. A takardun hukuma 'yarta ɗaya ce, Liyun. Har jar takardar yabo ta masu ɗa ɗaya aka ba ta, ta liƙa a bango kusa da agogo. Takardar nan ƙarya take yi. 'Ya'yan Shulan biyu ne, kuma duk abin da ta nema a duniya bai wuce ta biyun ta buɗe baki sau ɗaya ta ce mata Mama ba.

Asalinta 'yar ƙauyen Liugou ce, tafiyar awa uku a mota. Mahaifinta ne ma'aikacin masaƙa, kuma a zamanin idan uba ya yi ritaya ɗaya cikin 'ya'yansa yakan gaji gurbinsa. Gurbin na yayanta Baoshan ne, amma shekarunsa sun haura abin da ake ɗauka, sai abin ya faɗo kan Shulan tana da shekara goma sha tara. Ta zama 'yar birni mai katin hatsi da albashi, Baoshan ya zauna yana noman masara. Bai taɓa yi mata gori ba, amma ita ta san bai manta ba.

A masaƙa ta auri Tong Dehai, mai hura wutar tukunyar tururi, mutum mai tsoron hukuma fiye da tsoron mutuwa. Aka ba su ɗaki ɗaya a hawa na uku, suka haifi Liyun. Jego bai gama sakinta ba aka kira ta asibitin masaƙa aka saka mata zoben ƙarfe a mahaifa. Zoben ba shi da zare, da gangan aka yi shi haka don kada mace ta iya ciro shi da kanta. Sau biyu a shekara, bazara da kaka, mata su jeru a bi su ɗaya bayan ɗaya da na'urar hoton ƙashi a ga ko zoben yana nan. Ban taɓa ganin an jera maza ba. Doka ta miji da mata ce, in ji su, amma a jikin mace kaɗai ake rubuta ta.

Mai kula da wannan aiki ita ce Shugaba Pang, mace mai fara'a da murya kamar ƙararrawa. Ta san ranar al'adar kowace mace a sashenmu fiye da mijinta. Wadda ta yi ciki na biyu ta ƙi cirewa, ita da mijinta sun bar aiki, sun bar ɗaki, sashensu gaba ɗaya kuma ya rasa jar tutar yabo da ladan ƙarshen shekara. Saboda haka ba sai Pang ta wahala ba, mu da kanmu muke leƙen cikin juna.

Zobe kuwa ba ya jin doka. Liyun tana da shekara ɗaya Shulan ta yi ciki da zoben a jikinta. Ta kai kanta wurin Pang, aka cire yana wata huɗu, aka ba ta hutun sati biyu da ledar jan sukari. Bayan shekara biyu abin ya sake faruwa. Ta gaya wa Dehai lokacin abincin rana, a bayan ɗakin tukunya, inda ƙarar inji ba ta bari a ji magana.

"To me kike jira, Maman Liyun?" ya ce. "Gobe da safe ki je wurin Shugaba. Tun yana ƙarami ya fi sauƙi."

"Sauƙi ga wa? Kai ka taɓa hawa teburin nan?"

"Ki rage murya."

"Na hau sau ɗaya. Na ji ƙarar abin da suka jefa a bokiti. Ba na komawa."

"Sai mu ci me? Iska? Liyun ta kwana a ina, a tasha?"

Ranar hutu Shulan ta hau mota ta tafi Liugou ta faɗi a gaban uwarta. Tsohuwar ce ta kawo dabara. Baoshan da matarsa Yumei shekararsu tara da aure ko ɓari ba a taɓa yi ba, takardar izinin haihuwarsu tana cikin akwati tana tsufa.

"Ke kina da ciki ba izini, su suna da izini ba ciki," in ji tsohuwa. "Ki haifa ki ba yayanki. Jininmu ne, gidanmu ne, duk ranar da kika so ki zo ki gani."

Baoshan ya ce, "Ba ƙwace miki zan yi ba, ƙanwata. Riƙo ne. In abubuwa suka lafa, da bakina zan gaya wa yaron."

Haka aka yi hunturun shekarar, mace ɗaya tana ɗaurewa, ɗaya tana cusawa. Shulan ta samo dogon ƙyalle cikin rarar yadin da ita kanta ta saƙa, kullum da safe ta naɗe cikinta tamau har numfashi ya yi mata wuya, ta ɗora rigar sanyi mai auduga. A ƙauye kuma Yumei ta ɗaura filo a ƙarƙashin riga, duk sati biyu ta ƙara masa dunƙulen auduga, tana tafiya tana dafa bango. Gwajin kaka ya zo cikin yana ƙarami, zoben ya haska a na'ura yana zaune daram, aka buga mata hatimi. Ta daina zuwa gidan wankan masaƙa, ta ce ƙuraje ne suka feso mata.

"Shulan, wannan ƙiba fa?" Pang ta ce mata wata rana tana dariya, idonta kuwa ba ya dariya.

"Dankalin hunturu ne, Shugaba. Dehai ya sayo buhu guda."

"To a ci a hankali, kada inji ya kasa ganin gabanki."

Ciki ya yi mata adalci, ya jira hutun sabuwar shekara. Rana ta uku ta bikin, da hantsi, naƙuda ta kama ta a ɗakin ajiyar hatsi na gidan Baoshan. Uwarta ce ungozoma. Aka tura mata tawul a baki ta cije, Yumei kuma tana ɗakin gaba tana kwarma ihu don maƙwabta su ji. Ta iya ihun kuwa, har wata tsohuwa ta leƙo ta katanga tana cewa haihuwar fari sai haƙuri. Mace aka haifa, 'yar ƙarama saboda ɗaurin da ta sha, amma lafiyarta ƙalau. Yumei ta sa mata suna Yanzi, wato tsattsewa. Shulan ma ta tanadi suna a zuciyarta, ba wanda ya tambaye ta.

Kwana biyar ta shayar da ita a ɓoye. Rana ta shida ta hau motar komawa aiki, jini bai ɗauke ba, kujerar katako tana dukanta a kowane rami. Yumei ce ta yi zaman jego na wata guda cur a kan gado mai ɗumi, tana shan kunun gero da jan sukari, maƙwabta suna kawo mata ƙwai kwando-kwando. Shulan kuwa ƙyallen da ta ɗaure ciki da shi ta mayar ƙirji, tana shan ruwan soyayyen sha'ir don nono ya ƙafe. Ya ƙi ƙafewa da wuri. Sai tana tsaye gaban inji ta ji ya zubo, ta rungume hannu kamar mai jin sanyi. Da gwajin bazara ya zo ba zobe a jikinta, ya riga ya fito wurin haihuwa, sai ta ce ya faɗi a masai. Nas ta duba ta, ta ɗago ta kalle ta ta daɗe. Ta saka mata sabo, wanda ya fi na da girma, kuma ba ta yi a hankali ba.

Daga nan rayuwar Shulan ta koma jiran sabuwar shekara. Duk shekara riga biyu take ɗinkawa iri ɗaya, babba da ƙarama. Ranar da Yanzi ta fara magana sosai, Baoshan ya ɗauko ta ya nuna mata baƙuwa ya ce, "Ce Gwaggo." Yarinya ta ce Gwaggo, kowa ya yi tafi, Shulan ta amsa da na'am, ta fita bayan gida ta yi kuka a tsaye kusa da kejin alade.

Alkawarin Baoshan kuwa ƙafa gare shi, kullum yana gaba. Bari ta shiga makaranta, bakin yaro ba shi da ƙofa. Bari ta gama jarrabawa, kada hankalinta ya rabu. Bari ki yi ritaya, kada a taɓa miki fansho. Shulan ma, in za a faɗi gaskiya, tsoro ya yi mata yawa. Kalma ɗaya ta isa kunnen Pang, karatun Liyun da ɗaki da komai sun tafi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta samu laifin Yumei ba. Ta nema ta rasa. Matar nan ta yi goyo, ta yi jinyar ƙyanda, ta sayar da aladenta ta biya makarantar horon malamai. Da ta wulaƙanta yarinyar, da Shulan ta samu abin riƙewa. Dehai kuwa har ciwon huhu ya kashe shi bai taɓa ɗora Yanzi a cinya ba, wai kada a ga kama.

Shulan tana da shekara hamsin da shida aka wayi gari an ce an sake doka, kowa yana iya haihuwar biyu. Haka kawai, a labaran talabijin, tsakanin rahoton yanayi da na ƙwallo. Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Bayan 'yan kwanaki ta haɗu da Pang a dandalin unguwa, ta tsufa, tana rawar motsa jiki da jan mafici.

"Shulan! Kin ji labari? Ki gaya wa Liyun ta yi maza ta ƙara na biyu, ƙasa tana bukatar yara. Ɗa ɗaya ai kaɗaici ne, abin tausayi!"

Da bakin nan dai, da muryar nan dai. Shulan ta ji kamar ta karɓe maficin ta karya mata a ka. Ta ce, "To, Shugaba," ta wuce.

Aka kuma sanar cewa tsofaffi su zo a cire musu zobe kyauta. Ta je, don ciwon ƙugun ya ishe ta. Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Yanzi ba, idonta a kan kwamfuta.

"Baba, haihuwa nawa?"

Shulan ta buɗe baki za ta faɗi abin da ta saba, sai ta ji kanta ta ce, "Biyu."

Ta jira a kira wani, a rufe ƙofa. Likita ta danna abin da za ta danna ta ce, "Hau ki kwanta." Shi ke nan. Da aka duba, zoben ya nutse cikin nama, ba ya fita sai da tiyata, aka ce a shekarunta gara ta bar shi. Ba ta damu ba. A hanyar gida tana ta maimaitawa a ranta, biyu, biyu, kamar yarinyar da ta koyi ƙirga.

A kakar shekarar aka sa bikin Yanzi, wadda ta zama malamar firamare a garin gunduma. Shulan ta ce lokaci ya yi. Ba doka, ba Pang, ba Dehai. Ta sayi jan siliki da sabuwar auduga, ta yi wata uku tana ɗinka bargon amarya, irin wanda uwa take sa wa 'yarta cikin kayan ɗaki. Ana gobe biki ta ɗauko shi a mota, ta shimfiɗa a gaban Yumei.

Yumei ta shafa silikin, ta janye hannu. "Maman Liyun, ya yi kyau, amma kin san al'ada. Bargon amarya sai mai cikakken arziki take ɗinkawa, mijinta da rai, ga ɗa namiji ga 'ya mace. Mun riga mun kai wa Tsohuwa Niu ta yi guda huɗu."

Tsohuwa Niu! Matar da aka kwashe rufin ɗakinta aka kora aladenta saboda ta yi haihuwa ta uku, aka yi shekaru ana kiran sunanta a lasifika a matsayin abin kunyar ƙauye. Yanzu ƙauyuka uku suna layi a ƙofarta, don doka ta sa masu ɗa da 'ya sun yi wuyar samu.

"Kada ki ji haushi," Yumei ta ci gaba. "Dangin ango masu lura ne. Ke kuma mijinki ya rasu, ga 'ya ɗaya tal..."

"'Ya ɗaya? Yumei, ni kike gaya wa 'ya ɗaya?"

Yumei ta yi fari fat. Baoshan, wanda ke bakin ƙofa, ya tuna yana da aiki a gona.

Shulan ta tarar da Yanzi ita kaɗai a ɗakinta tana gwada jan takalmi. Ta mayar da ƙofa ta rufe. Duk maganar da ta yi shekara ashirin da takwas tana shiryawa ta gudu ta bar ta.

"Yanzi, akwai abin da ya kamata ki sani kafin gobe. A ɗakin hatsin can..."

"Na sani, Gwaggo."

Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ɗaure igiyar takalmi.

"Kin san me?"

"Kin san sunan da yara suke kirana a makaranta? 'Yar filo. Ina da shekara goma sha ɗaya wata ta fassara min. Duk Liugou an sani, an dai rufa mana asiri ne." Ta ajiye takalmin. "Sabuwar shekarar da ta biyo baya tun safe na je bakin titi na tsaya cikin ƙanƙara ina jiran motarki. Na ce yau za ta faɗa min. Kika sauko, kika gwada min riga a kafaɗa, kika ce na yi tsawo. Shekara biyar ina zuwa bakin titin nan. Daga baya na daina."

"Doka ce, 'yata. Da an ji, da aikina da na babanki, da karatun yayarki..."

"Na gane. Da ni ce ma wataƙila haka zan yi. Na daɗe da daina jin haushinki." Muryarta ba faɗa a ciki, abin da ya fi yi wa Shulan ciwo ke nan. "Amma matar can ta ɗaura filo wata shida, an yi shekara ashirin da takwas ana yi mata dariya a bayan ido saboda ni. Gobe ranarta ce. Na roƙe ki kada ki kunyata Mamata a gaban surukai."

Shulan ta zauna a bakin gado. "Ba zan ce komai ba gobe. Kujerar uwar amarya tata ce. Amma nan, yanzu, ba mai ji. Sau ɗaya kawai ki kira ni. Ba zan ƙara roƙonki ba har in mutu."

Yanzi ta kalle ta. Idanun Dehai ne, haɓar kuwa ta Shulan ce sak. Leɓenta ya motsa, idonta ya cika da ruwa. Ta gwada, Shulan ta ga ta gwada.

"Bakina ya ƙi, Gwaggo. Ki yi haƙuri."

Washegari aka cika zauren otal a garin gunduma. Da aka zo miƙa shayi, aka ajiye kujeru biyu a kan dandamali, Baoshan da Yumei suka zauna. Amarya da ango suka durƙusa. A nan ne ango yake sauya baki, ya fara kiran iyayen matarsa da sunan da take kiransu. Ya miƙa wa Yumei kofi da hannu biyu ya ce, "Mama, sha shayi."

"Jama'a, kun ji?" in ji sanƙiran biki da makirufo a hannu.

"Ba mu ji ba!"

"Ango, ba ka karya kumallo ba ne? Ƙara murya!"

Sau uku aka sa shi ya faɗa, na ukun har gilashi ya amsa. Yumei tana kuka tana dariya, ta miƙa masa jar ambulan mai kuɗi a ciki. Sannan aka sauko kan sauran dangi, babba kafin ƙarami. Shulan ce ta huɗu, bayan wani kawu mai sanda. Yanzi ta tsaya a gabanta, ta juya ga mijinta ta ce, "Wannan ƙanwar Babana ce. Ita take ɗinka min riga duk shekara." Ta miƙo kofin da hannu biyu. "Gwaggo, sha shayi."

"Na'am," in ji Shulan.

"Gwaggon amarya ma ba ta karya ba!" sanƙira ya ce, zaure ya fashe da dariya. "A amsa da ƙarfi mana, Gwaggo!"

Ta amsa da ƙarfi. Ta shanye shayin tas, har da jan dabinon da ke ƙasan kofin, ta ba da ambulan ɗinta.

Ba ta jira an gama cin abinci ba. Ta ce wa Liyun ƙugunta ne ya motsa, ta ɗauki ƙunshin bargon ta hau motar la'asar. Wata mata mai kwandon tuffa ta zauna kusa da ita, ta ga jan siliki yana leƙowa ta bakin ƙunshi, ta kai hannu ta taɓa.

"Kai, wannan ɗinki! Daga biki kike, Yaya? Na wa?"

"Na 'yar yayana."

"Madalla. Ke fa, naki nawa?"

Shulan ta gyara ƙunshin a cinyarta, ta tura silikin ciki. Ba Pang a motar, ba wanda ya san ta, ba abin da za a ƙwace mata kuma.

"Ɗaya," ta ce.